Hure da Watan Sha'aban

Hure ba rana ɗaya ta makance ba. A hankali abin ya zo mata, kamar hayaƙin ɗanyen itace da ya cika ɗaki ya ƙi fita. Da fari zura zare a allura ne ya gagare ta. Daga nan ta daina bambance tsakuwa da ƙwayar gero. Kafin wani lokaci, in mutum ya yi sallama ya shigo gidan, inuwa kawai take gani a tsaye, sai ya yi magana sannan ta san ko wane ne. Yanar ido ce ta rufe idanun duka biyu, fara fat, kamar an ɗiga mata nono a kan ƙwayar.

A Gidan Gawo, wani ɗan ƙauye gabas da Ɗanbatta inda gonar wannan ke manne da ta wancan, babu wanda bai san Hure ba. Saƙar faifai ce sana'arta, kuma fayafayanta masu ja da kore ba sa kwana a hannun dillaliya ranar kasuwa. Mace ce mai baki, in ka faɗa mata ɗaya sai ta mayar maka da abin da za ka tafi kana tunawa a hanya. Mijinta Malam Mati kuwa, sai ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba in ba a gaisuwa ba.

Makantar ta zo daidai da shekarun fari. Damina ta zo ta wuce, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Wadda ta biyo bayanta ma ba ta fi ta ba. Gyaɗa ko irin da aka zuba ba ta mayar ba. Rijiyar unguwa aka yi ta ƙara wa gugarta igiya, a ƙarshe laka ake jawowa. 'Ya'yansu maza suka tafi cin rani kudu, labarinsu sai jefi-jefi a bakin direbobi. Autarsu Furera tana aure a birnin Kano. Gida ya rage daga Hure sai Malam Mati, sai jakinsa da ke ɗaure a gindin darbejiya.

Malam Mati bai taɓa cewa komai a kan abin da ya same su ba. Wata safiya dai Hure ta fito tana lalube ta ji igiya a bakin ƙofar ɗaki, ta bi ta, igiyar ta kai ta har makewayi. Kashegari ta tarar an jera mata kabar saƙa a gefen tabarma: ja a dama, kore a hagu, fara a tsakiya, don hannunta ya san inda zai je. Shi ne mai ɗebo ruwa, shi ne mai hura wuta. Mazan unguwa suna zolayarsa a gindin tsamiya, suna tambayarsa yaushe zai fara ɗaura zane. Sai ya yi murmushi ya wuce da tulunsa.

Girkin nasa kuwa sai haƙuri. Ɗan tsaki ne da ganyen tafasa ko rama, wata rana dusa. A akushi ɗaya suke ci, abin da ba su taɓa yi ba tun aurensu, don ya riƙa tura mata abincin gabanta.

"Malam, gishirin nan zuba shi ka yi, ko nuna wa tukunyar kawai ka yi ka mayar?"

"Ci dai, Hure."

Tana jin hannunsa yana shiga akushin yana fita, tana jin yana tanɗe baki. Can sai ya ce alhamdu lillahi, shi kam ya ƙoshi, ta ƙarasa sauran.

Da bazara ta kama, zafi ya fara tsananta, wani direba ya kawo saƙon baki daga Furera. Ta ce uwar wata maƙwabciyarsu ta yi irin wannan ciwon, an yi mata aiki a asibitin ido, yanzu har tsintar shinkafa take yi. Ta ce a kawo Inna.

Hure ta ce ba inda za ta. "A wannan marrar? Ido ya buɗe ya ga me, rumbu wayam? Ku bar ni yadda Allah ya ajiye ni."

Ranar kasuwar Ɗanbatta Malam Mati ya kwance jaki da sassafe ya fita. Da yamma Hure tana zaune a bakin ɗaki ta ji sallamarsa, ta kasa kunne ba ta ji takun kofato a bayansa ba.

"Ina jakin?"

"Ya samu wani gidan."

Ranar kam unguwa ta ji muryar Hure. Jakin nan shi ke kai musu itace da kara gari, shi ke kwaso taki zuwa gona. Manomi a ƙasarsu in ba taki, gonarsa rairayi ce kawai. Ta yi faɗa har muryarta ta dishe, sannan ta koma kuka. Malam Mati yana zaune yana gyara maɗaurin takalminsa. Da ta yi shiru ya ce, "Jibi za mu tafi. Ki faɗa mini zannuwan da zan ɗaure miki."

A bayan a-kori-kura suka shiga Kano, tana riƙe da gefen rigarsa. Birnin da hanci da kunne ta same shi: warin kwata da hayaƙin mota, ƙamshin ƙosai, ihun 'yan kamasho. Ashe birnin ma ba daɗi yake ji ba. Furera ta ba ta labarin yadda ake kwana a layi don sabulu da shinkafa, da yadda aka sallami mutane daga masaƙu. Mijinta Basiru tela ne, amma ya ce rabon da a kawo masa sabon yadi har ya manta, kowa faci yake kawowa. Duk da haka suka karɓe ta hannu biyu a gidansu na ƙasa da ke gindin Dala. Malam Mati saboda kunyar suruki bai sauka nan ba, ya samu wuri a zauren wani mutumin garinsu mai sayar da igiya, kullum yana zuwa.

A asibiti likita ya haska mata fitila ya ce yanar ta nuna, za a fara da idon dama. Aka yi aikin, aka naɗe mata fuska. Ta yi kwanaki a rigingine, an hana ta juya kai, ita da ba ta saba zama wuri ɗaya ba. Ranar da za a kwance, wata nas mai sanyin hannu ta ɓare filastar a hankali, ta goge mata idon, ta ɗora mata wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

"Inna, buɗe a hankali. Me kika gani?"

Haske ne ya fara sukarta. Sai ga hannu a gabanta, da yatsu, da zoben azurfa a ɗaya. Sai koren bango. Sai Furera tsaye tana toshe baki da gyale, da goyon jaririyar da Hure ta sha ɗauka ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Hure ta yi ta salati tana maimaitawa.

Can kusa da ƙofa akwai wani tsoho a tsaye. Wuyansa kamar kara, kumatunsa sun faɗa, rigarsa tana reto a jikinsa kamar an rataye ta a turke. Saura kaɗan ta tambayi Furera wane ne wannan bawan Allah, sai tsohon ya ce, "Sannu, Hure."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauke ido ta dubi hannuwanta. Ba ƙiba ta yi ba, amma akwai tsoka a damtsenta, fatarta ba ta manne da ƙashi ba. Nan take ta gane inda abincin akushin nan yake tafiya duk tsawon shekarun. Akwai mutane a ɗakin, don haka ta haɗiye maganar, ta ce, "Yawwa, Malam."

Aka sallame ta da dokoki: ban da sunkuyo, ban da ɗaukar kaya, ban da murza ido, kuma ta nisanci hayaƙi. Wannan ta ƙarshen ce ta sa Furera take hawa da ita saman soro kowace yamma kafin ta hura wutar tuwo, ta shimfiɗa mata tabarma ta jingina ta da bango.

Ranar da abin ya faru tsakiyar Sha'aban ce, mutane sun fara zancen azumi da yadda za a yi shi a wannan tsada. An wuni ana zabga zafi, kuma tun la'asar aka ɗauke wuta. Hure tana zaune a soron tana ƙare wa birnin kallo. Ga Dala a gefe, jajir, da mutane ƙanana kamar tururuwa suna saukowa. Ga soraye a jere har iya ganinta, wasu da shanyar kuɓewa, wasu da tsummokara. Da rana ta faɗi jemagu suka fito, ayari guda, suka yi ta ratsa sama ba su ƙare ba. Aka kira magariba, ta yi sallarta a zaune da nuni kamar yadda aka ce mata. Tana sallamewa ta ɗaga kai, sai ga wata ya fito daga gabas, cikakke, ƙato, launinsa kamar sabuwar ƙwarya.

Rabonta da ganin wata tun kafin farin. A shekarun makanta takan san ya cika ne kawai in ta ji yara sun daɗe a dandali. Ta zuba masa ido kamar baƙon da ta daɗe tana jira.

Ba a jima ba ta ji sallamar Malam Mati a ƙasa, ta ji Basiru ya durƙusa ya gaishe shi ya sulale waje. Ya hawo a hankali yana dafa bango, ya zauna a gabanta, bayansa na gabas. Furera ta kawo tuwon masara da miyar kuka a kwano ɗaya ta sauka.

Suka sa hannu. Hure tana ci tana kallonsa ta cikin tabarau. Sai ta ga ya gutsuri ɗan abin da bai kai ƙwayar dabino ba, ya zagaya da shi cikin miya, ya kai baki, ya tanɗe da ƙarfi. Ya sake mayar da hannu ya taɓa gefen kwanon kawai ya janye. Hannun ya riga ya saba, shi kansa ya manta yanzu ana ganinsa.

Ta cafke wuyan hannunsa.

"Malam, ni fa yanzu ina gani."

Ya sunkuyar da kai yana kallon kwanon.

"Haka ka yi ta yi mini? Ina ta cika cikina ina yi maka tsiyar gishiri, kai kana tanɗar iska?"

"Ke ce marar lafiya," in ji shi. "Ni ina fita, nakan samu ɗan abin taɓawa a waje."

"A wajen wa? Wa ke da shi a Gidan Gawo?" Ta tura kwanon gabansa. "Wallahi ba zan ƙara loma ba sai na ga gindin kwanon nan. Kuma idona na kanka."

Ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya gyara zama, ya ci tuwon nan tas. Da cikinsa ya ɗauka sai bakinsa ya buɗe, abin da ba ya yi. Ya shiga ba ta labarin gona: ya yi magana da maƙwabcinsu Ɗan Iya zai ba shi aron jaki ya kai taki, shi kuma ya taya shi huɗa. Yana ganin bana gero zai fi yawa a gonar tudu, wake a tsakani.

Hure tana jinsa, idonta yana kan watan da ke saman kafaɗarsa. Sai ta ga kamar gefen watan na ƙasa ya yi datti.

Ta cire tabarau ta goge da bakin gyale ta mayar. Dattin yana nan. Ta ƙifta ido, ta kau da kai ta dubi Dala, ta dawo. Yanzu ba datti ba ne, wani duhu ne ya gutsure gefen watan, kuma tana kallo yana ƙara ci. Ta dubi sorayen da ɗazu suke fari tas da hasken wata, ta ga sun dushe. Shanyar da take iya gani a soron maƙwabta ta fara ɓacewa.

Ta san wannan abin. Haka ya fara mata wancan karon, daga gefe, kaɗan-kaɗan, tana cewa hayaƙi ne, tana cewa gajiya ce. Ko hayaƙin tuwon ne ya hawo ya same ta? Ko sunkuyon da ta yi jiya ta ɗauki jaririya a ɓoye?

Ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta dubi wuyan nan nasa da ƙasusuwan kafaɗarsa, ta tuna jakin, ta rufe bakin. Mutumin da yau ne ya fara cin abinci ya ƙoshi, yana zaune yana lissafin wake da gero, ta ce masa duk wahalar ta tashi a banza? Ta ce a ranta ko zuwa safiya ne ta bar shi ya kwana da farin cikinsa.

Sai ta daina kallon watan. Ta ce in dai ganin nan na ɗan lokaci ne aka ara mata, to ta san inda za ta kashe shi. Ta tsura wa Malam Mati ido. Ta bi furfurar gemunsa, da tsagen da ke gefen fuskarsa, da tabon da lauje ya yi masa a goshi tun suna da ƙuruciya, da yadda yake ɗaga gira ɗaya in yana magana. Tana kallo fuskar tana ƙara shiga duhu.

"Lafiya kike kallona haka?"

"Ci gaba, ina jinka. Ka ce wake a tsakani."

Hawaye ya taru mata a idon, ga shi an hana ta murzawa. Ta bar shi ya gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

Daga can ƙasa cikin lungu wani ya buga gwangwani. Wani ya amsa daga gaba. Kafin ka ce me, unguwar ta ɗauka gaba ɗaya: garewani, faranti, murfin tukunya, wata mata tana dukan turmi da taɓarya ba komai a ciki. Yara suka cika lungu suna gudu suna ihu rana ta kama wata, suna roƙon ta sake shi. Sai ga Furera ta hawo da gudu, ludayi a hannunta.

"Inna! Baba! Ku dubi sama, wata ya yi zazzaɓi!"

Malam Mati ya waiwaya. "La'ilaha illallahu. Husufi ne."

Hure ta damƙi hannun rigarsa. "Malam, kai ma ka gani?"

"Ga shi kuwa, ya kusa cinye rabi."

"Baƙin nan na gefe? Furera, ke ma kina ganinsa?"

"Inna, duk garin nan shi ake kallo. Basiru ma ya ce an faɗa a rediyo, mantawa ya yi bai gaya mana ba."

Hure ta saki rigar. Wata irin dariya ta ƙwace mata, tana yi tana salati, hawaye na zuba, har Furera ta yar da ludayin ta riƙe mata kai tana cewa, "Inna, a hankali, ɗinkin!"

"Ashe watan ne ba shi da lafiya," in ji Hure da ta samu numfashi. "Ni na zaci idon ne ya koma. Tun ɗazu nake zaune nan ina ban kwana da duniya."

Malam Mati ya juyo ya dube ta sosai. "Tun ɗazu? Kika yi shiru?"

"To me zan ce maka?"

Ya matso kusa da ita. Sannan ya ce, "Da ya koma ɗin ma, gida za mu tafi mu ci gaba yadda muke. Ni ban gaji ba, Hure. Amma kada ki ƙara ɓoye mini irin wannan."

"Ji mai maganar ɓoyo," in ji ta. Furera ta dube su ba ta gane ba, ba wanda kuma ya yi mata bayani.

Aka kira sallar lisha. Malam Mati ya sauka ya bi maza masallaci, ya ce za su tsaya nafila da istigfari har Allah ya yaye. Furera ta ɗauko jaririyarta ta dawo ta zauna kusa da uwarta. Suka yi sallarsu a nan, suka yi addu'a, sannan Hure ta jingina da bango ta ɗaga fuska sama, yanzu ba tsoro.

Saura ɗan siririn haske kamar yankan farce a gefen watan. Shi ma ya ƙanƙance, ya ƙanƙance, ya mutu. Hure ta zaci watan zai ɓace ne gaba ɗaya. Sai ta ga yana nan, ya koma ja. Ba jan jini ba, ja mai duhu kamar garwashin da toka ta fara rufewa, gefe ɗaya ya fi haske, ɗayan kamar tsohon lalle a tafin hannu. Kuma ya daina zama faifai a manne da sama. Ya zama dunƙule sosai, mai ciki da baya, a rataye ba igiya, har mutum ya ji kamar in ya miƙa hannu zai iya zagaya shi.

"Ikon Allah," in ji Hure a hankali. "Ikon Allah."

Sai taurari suka fito. Ɗazu hasken wata ya danne su, yanzu ga shi ya ja baya, ga birnin ba wutar lantarki. Suka zubo ta ko'ina, manya da ƙanana, wasu a cure wasu a warwatse, har gefen watan kansa. Hure ta manta akwai su da yawa haka. A ƙasa kuma birnin ya yi baƙi ƙirin, sai 'yan fitilun aci-bal-bal na masu tireda da masu shayi suna ƙyalli nan da can, kai ka ce saman ce ta zubo da ragowarta. Karatu yana tashi daga masallatan unguwanni, wannan liman na shiga cikin muryar wancan, ga kiɗan gwangwanaye yana zuwa daga nesa yana komawa. Kowane soro da mata a kai, kowa fuska a sama. Mai kuɗi da mai faci, wanda ya ci da wanda bai ci ba, duk Kano abu ɗaya take kallo.

Wata tsohuwa a soron da ke manne da nasu ta leƙo ta kan katanga. "Kun gani ko? Ga fari, ga tsada, ga wannan kuma. Zunubanmu ne suka yi yawa. Ni kam ba na iya kallonsa."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya," in ji Hure. "Amma ni dai, Yaya, yau sai na kalle shi. Wanda ya yi wannan abin, ba abin da zai gagare shi."

Ta gaya wa Furera cewa tana yarinya an taɓa yin irinsa a garinsu. Ranar ƙwarya aka ba ta tana ta duka, kanta a ƙasa don tsoro, har aka gama ba ta ɗaga ido ba. "Ina da ido biyu lafiyayyu ban kalla ba. Yau da guda ɗaya, shi ma da ɗinki, ga ni ina kallo."

Watan ya daɗe a haka. Wuyan Furera ya gaji, jaririya ta yi barci, yaran lungu ma hannunsu ya fara sanyi. Hure ba ta motsa ba. Ita ce ta fara ganin ɗigon farin da ya ɓullo a gefe, mai kaifi kamar an kunna ashana.

"Ga shi nan! Ya fara dawowa!"

Kamar jira ake yi. Wata mata ta rangaɗa guɗa daga wajen Dala, wasu suka karɓa, kabbara ta tashi daga ƙofar masallaci, gwangwanaye suka dawo da ƙarfinsu, yara suna tsalle suna cewa su ne suka sa aka sake shi. Hasken ya riƙa dawowa kan soraye ɗaya bayan ɗaya, ƙananan taurari suna janyewa.

Da Malam Mati ya dawo yin sallama ya tarar da ita yadda ya bar ta.

"Ba ki gaji ba?"

"Kai dai ka yi asara, kana cikin masallaci. Zauna in faɗa maka yadda ya yi." Ta kuwa faɗa masa, tun daga jan har taurarin, tana kwatantawa da hannu. Ya bar ta ta gama tsaf bai gaya mata cewa a harabar masallacin suka yi sallar ba, kuma shi ma ya gani.

Kafin azumi ya kama likita ya sake duba ta ya ce idon ya yi kyau, in ta huta a dawo a yi na hagu. Hure ta yi godiya, amma ba ta koma ba. Ta ce guda ɗayan ya ishe ta, a bar wa wani gadon.

A hanyar gida ta ga abin da ba ta gani ba a zuwa: gonaki fari fat, itatuwan da aka sassare, gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya masu su sun tafi. Da suka iso, matan Gidan Gawo suka cika gidan suna taɓa tabaran, kowace tana so Hure ta faɗi launin zanen da ke jikinta. Su ma sun ga husufin, sun daki turame har hannu ya yi ciwo, amma labarin Hure ya fi na kowa daɗi, don ita da kanta take kwaikwayon yadda ta zauna tana goge tabarau tana zargin idonta. Har ta tsufa tukuf in an taru sai an ce ta sake bayarwa.

Ruwan shuka ya sauka cikin azumi, da asuba, bayan sahur. Gari na wayewa Malam Mati ya saɓa sungumi, Hure ta ɗaure tabaranta da zare ta bayan kai, ta ɗauki ƙwaryar iri ta bi shi. Yana gaba yana sara, tana baya tana jefa gero a rami tana rufewa da diddige, ba ta sunkuya ba. Da suka kai ƙarshen layin farko ta tsaya ta waiwaya.

"Malam, layin nan naka ya karkace."

Ya juyo ya duba. Ya karkace ɗin kuwa.